Tafiyar Shaƙatawa A Jirgin Ruwa: Abin Da Tikiti Ya Ɗauke Maka Da Abin Da Za Ka Biya Daban

Tunda hotunan manyan jiragen ruwan nan na shaƙatawa suka fara yawo a Instagram da TikTok ake ta tambayata, wai da gaske ne da Yuro 500 ko 600 mutum zai yi kwana bakwai a teku yana ci yana sha yana zaga ƙasashe uku ko huɗu? Da gaske ne akwai irin wannan farashin, musamman in ba lokacin hutun bazarar Turawa ba ne, amma fa kuɗin da ka gani a talla ba shi kaɗai ne zai fita daga aljihunka ba. Kamar kuɗin kujerar Hajji ne, an ɗauke maka jirgi da masauki da abinci, amma hadaya da tsarabar mutanen gida kai za ka ji da su. Kamfanonin nan suna sauke kuɗin shiga ne don jirgi ya cika, ribarsu mai yawa a cikin jirgin suke samo ta, don haka wanda ya san abin da ya zama dole da abin da ganin dama ne shi ke sauka da sauran kuɗi a hannu.

Zan yi misali da hanyar yammacin Bahar Rum ta kwana bakwai, wadda ake tashi daga Basalona a Sifen a bi ta Marseille a Faransa, Genoa da Naples da Messina a Italiya, sai Valletta a Malta a dawo. Tsarin kusan ɗaya ne ko daga Dubai ka tashi, ko Jidda, ko Durban ta Afirka ta Kudu inda ake zuwa tsibiran Mozambik.

1. Fara da karanta farashin da kyau

Farashin da aka rubuta na mutum ɗaya ne, kuma bisa sharaɗin ku biyu ne a ɗakin. In an ce 600, kai da Hajiya 1,200 kenan. In kai kaɗai ne kada ka ce ai 600 zan biya, yawancin kamfanoni za su ɗora maka ƙarin kuɗin zaman kaɗaici wanda kan kai kusan kuɗin mutum na biyu gaba ɗaya. Akwai jirage masu ƙananan ɗakuna na mutum ɗaya, kamfanin jiragen ruwa na Norwegian sun yi suna a wannan, amma da wuri suke ƙarewa. Mutum na uku da na huɗu a ɗaki ɗaya, misali yara, su kan samu ragi sosai, wani lokacin ma a ce kyauta, sai dai kyautar nan ba ta shafi harajin tashar jirgi da kuɗin hidima ba, za mu zo kansu.

Sannan farashin talla na ɗaki mafi araha ne, wato na can ciki wanda ba taga ko ɗaya, in ka kashe fitila duhu ne dulum ko da azahar. Sama da shi akwai mai tagar da ba ta buɗuwa, sai mai baranda, sai manyan ɗakuna na masu hannu da shuni. Ni a ganina a hanya irin wannan da kusan kullum jirgi na tsaye a wani gari, ɗakin ciki ya wadatar, kwana kawai kake a ciki. Amma in akwai dattijo ko wanda jiri ke kamawa, a nemi ɗaki a tsakiyar jirgi kuma a hawa na ƙasa ƙasa, nan ne girgiza ta fi sauƙi.

Hattara: akwai farashin da kamfani ne zai zaɓa maka ɗaki, ya fi araha, amma za ka iya tsintar kanka ƙarƙashin wurin kiɗa ko kusa da inji, kuma in ɗakuna biyu kuka kama ba tabbas za su zama maƙwabta. Mai tafiya da yara ya biya ƙarin ya zaɓi lambar ɗakinsa.

Abu na ƙarshe a nan, ka duba ko harajin tashoshi yana cikin jimillar. A shafukan Turai galibi yana ciki. Kada ka yarda da kowace lamba sai wadda ta fito a shafin ƙarshe daf da biyan kuɗi.

2. Biza kafin ka kammala biya

Wannan matakin ya fi kowanne cinye kuɗin mutanenmu, shi ya sa na kawo shi da wuri. Tikitin jirgin ruwa bai ƙunshi biza ba, kuma kamfanin ba ruwansa, in ka zo bakin tasha ba ka da takardun da suka dace ba za ka hau ba kuma ba za a mayar maka da ko sisi ba.

Ƙasashen hanyar da na ambata duk suna cikin yankin Schengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza guda, don haka biza ɗaya ta ishe su. Kuɗinta Yuro 90 ga babba tun watan Yunin 2024, yara 'yan shekara 6 zuwa 11 Yuro 45, ban da kuɗin cibiyar da ke karɓar takardu. Dole ka haɗa da inshorar lafiya ta tafiya da ta kai aƙalla Yuro 30,000. Ana nema ne a ofishin jakadancin ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta, in duk ɗaya ne sai ƙasar da za ka fara shiga. Ana iya miƙa takardu tun saura wata shida tafiya, toh kar ka tsaya sai saura sati uku, samun ranar ganawa kaɗai kan ɗauki lokaci.

Hattara: in hanyar ta biya ta wata ƙasa da ba ta cikin Schengen, kamar Tunisiya ko Turkiyya ko Maroko, ka fita daga yankin kenan, komawarka shiga ce ta biyu. Biza mai shiga sau ɗaya ba za ta yi ba, sai mai shiga da yawa, sannan ka bincika ko ita waccan ƙasar ma tana buƙatar tata bizar ga mai irin fasfonka. Kuma kar ka ce ai ba zan sauka a can ba zan zauna a jirgi, yawanci tun ranar hawa ake duba takardun duk hanyar.

Yadda za ka tsara: ka biya kafin alƙalami ka karɓi takardar shaidar kama ɗaki, da ita za ka nemi biza. Ragowar kuɗin ana kammala shi ne wajen wata biyu zuwa uku kafin tashi, ya danganta da kamfani, kuma daga nan duk ranar da ta matso abin da za ka rasa in ka fasa ƙaruwa yake har ya kai duka. Don haka ka karanta dokar fasa tafiya kafin ka tura kuɗi, ka tambaya ƙarara ko kafin alƙalamin ana mayarwa in an hana ka biza. Farashi mafi araha sau da yawa shi ne wanda ba a mayarwa, araha ba ta ado.

Fasfo ya zama yana da sauran wata shida bayan ranar dawowa. Katin rigakafin shawara ka sa shi cikin fasfo, Afirka ta Kudu musamman ba sa wasa da shi ga wanda ya fito daga Najeriya ko Nijar. Mai juna biyun da za ta kai sati 24 kafin a gama tafiyar ba a ɗaukarta, jariri ma yawancin kamfanoni sai ya kai wata shida.

3. Jirgin sama, otal da tasi

Su ma daga aljihunka, kuma ga wanda zai taso daga Kano ko Abuja ko Yamai kuɗin jirgin sama kan iya fin na jirgin ruwan kansa. Za ka bi ta Alƙahira ko Istanbul ko Doha ko Kasablanka, wato akwai canjin jirgi, akwai yiwuwar makara ko jaka ta tsaya a hanya. Saboda haka ka isa garin da za a tashi kwana ɗaya kafin ranar, ka biya otal na dare ɗaya. Jirgin ruwa ba ya jiran kowa. Ranar dawowa kuma kada ka sayi tikitin safiya, jirgi na iya isowa da asuba amma kafin a sallame ku hantsi ya dubi ludayi, nemi na bayan azahar. Motar da kamfani ke sayarwa daga filin jirgi zuwa tasha kuɗinta kan kowane mutum ne, in kun kai ku uku ko huɗu tasi ta fi sauƙi.

4. Abin da ka riga ka biya a cikin tikiti

Ka san su don kar a sake sayar maka da su. Ɗakinka da gyaransa kullum, tawul da zanin gado. Abinci a babban ɗakin cin abinci inda ake zama a kawo maka kala bayan kala, da kuma bufe inda kake ɗiba da kanka tun karin kumallo har dare, in ka ƙara ba wanda zai ce maka don me. Ruwan sha na famfon bufe, shayi da kofi na gama-gari, da safe akwai ruwan lemo. Wasannin dare a babban zaure, wurin ninƙaya, kujerun shan iska, ɗakin motsa jiki, wurin kula da yara da rana. Sai ita kanta tafiyar daga gari zuwa gari, wadda mutane kan manta cewa ita ce babbar riba, ka kwana a Faransa ka farka a Italiya ba ka ɗaga jaka ba.

Gaskiya mutum zai iya yin kwana bakwai da waɗannan kaɗai bai ji ya rasa komai ba, sai abu ɗaya da ba ya kaucuwa.

5. Kuɗin hidima na kullum

Wannan shi ne wanda ke tayar wa sabon shiga hankali a daren ƙarshe. Kowace rana ana rubuta wani adadi a kan akawun ɗinka na cikin jirgi, kan kowane mutum a ɗakin, na ma'aikatan da ke gyara ɗaki da masu kawo abinci da na bayan fage. A jiragen kamfanin MSC na Bahar Rum a shekarun nan wajen Yuro 12 ne ga babba kowane dare, yara rabin haka, 'yan ƙasa da shekara biyu ba a karɓa. Kamfanin Royal Caribbean sun mayar da nasu dala 18.50 a ƙarshen 2024 ga ɗakunan gama-gari, Norwegian dala 20. Lambobin nan suna hawa lokaci zuwa lokaci, ka duba na ranar da kake biya.

Yi lissafi: ku biyu, dare bakwai, Yuro 12, ya kama 168. Ƙara yara biyu a rabin kuɗi, ya zama 252. Kaga tikitin da aka ce maka yara kyauta ya fara nauyi.

Wasu kamfanonin sun haɗa shi cikin tikiti, kamar P&O na Ingila, kuma ko a kamfani ɗaya wani farashin da shi wani ba shi, ya danganta da ƙasar da ka saya. Tambayi ejan ɗinka ya nuna maka a rubuce. In ba ya ciki, ka biya shi tun kana gida, hankalinka kwance. A jiragen Amurka ana iya zuwa teburin karɓar baƙi a ce a rage ko a cire, kuma za ka ji masu ba da wannan shawarar a matsayin wayo. Ni ban goyi baya ba. Mutanen nan yawancinsu daga Filifin da Indonesiya da Indiya suke, wata da watanni ba su ga iyalinsu ba, suna aiki ba ranar hutu, wannan kuɗin wani yanki ne na abin da suke komawa gida da shi. In ba za ka iya biyansa ba, tafiyar ce ba ta yi ba tukuna.

6. Abin sha da intanet, yanke shawara tun a gida

Lemon kwalba, ruwan gora, kofi irin na inji, ruwan 'ya'yan itace da aka matse a gabanka, duk na kuɗi ne, kuma a kan kowane kofi ana ɗora kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na hidima. A jiragen Turai sau da yawa ko a babban ɗakin cin abinci ruwan kwalba za a kawo maka a rubuta. Goran ruwan da ka tarar a kan tebur a ɗakinka da abin da ke cikin ƙaramin firji ba kyautar maraba ba ne, ka faɗa wa yara tun ranar farko, ko ka ce wa mai gyaran ɗaki ya kwashe ya kulle firjin.

Za a yi ta tallata maka fakitin abin sha na duk tafiyar. Mafi tsadarsu na masu shan giya ne, ba ruwanmu da shi, kuma ka lura da kyau domin wasu tikitocin an riga an cusa wannan fakitin a ciki an ƙara kuɗi, kar ka biya kuɗin abin da ba za ka taɓa ba. Akwai fakitin da ba giya, na lemo da kofi da ruwa. Kafin ka saya ka ƙirga kofi nawa za ka sha a rana da gaske, ka tuna yawancin ranakun kana gari tun safe har la'asar. Ga babban mutum mai shayinsa da ruwansa ba ya biyan kansa. Ga matasa masu shan lemo kamar ba gobe, yana iya yi.

Hattara: fakitin na duk kwanakin ne, ba a sayen na kwana biyu, ba a raba shi da wani, kuma wasu kamfanonin in mutum ɗaya ya saya sai duk 'yan ɗakin sun saya. Dabara mai sauƙi ita ce ka taho da gorar ruwa da ake cikawa da kuma filas, ka cika a bufe da kofi, kar ka kafa bakin gorar a famfon, ana hanawa saboda tsafta.

Intanet ma daban ake biya, kusan dala 15 zuwa 30 a rana kan kowace waya, ya danganta da ƙarfinsa. Yanzu da yawancin manyan jirage suka koma Starlink, wato intanet na tauraron ɗan'adam, ya yi sauri fiye da da, amma bai yi araha ba. Mai arahar kan tsaya ne a saƙon WhatsApp, kiran bidiyo sai mai tsadar. In ka saya a manhajar kamfani kafin ranar hawa ya fi sauƙi kan saye a ciki. Ita manhajar jirgin, mai nuna jadawali da lissafin kuɗinka, tana aiki a kan waifai ɗin jirgi ba sai ka biya ba.

Hattara babba: da zarar jirgi ya bar gaɓa ka sa wayarka a yanayin jirgin sama sannan ka kunna waifai kaɗai. In ba haka ba layinka zai kama hanyar sadarwar teku ta tauraron ɗan'adam, wadda kuɗinta ba ya cikin kowane tsarin romin, wato amfani da layinka a ƙasar waje, da ka saya, ka kwana ka tashi katinka ya ƙare tas ko bashi ya hau kanka. In za ka iya haƙuri sai an tsaya a gari, layin eSIM, wato layin da ake saukewa a waya ba tare da katin sim ba, na Turai ɗaya zai yi maka aiki a duk ƙasashen huɗu a kan ɗan kuɗi kaɗan.

7. Haɗa kaya

Ana saka jakunkuna a na'ura kafin su shiga jirgi, kuma abin da suka fi tsoro shi ne gobara. Dutsen guga, butar dafa ruwa ta lantarki, kyandir, risho, duk za a ƙwace a ajiye sai ranar sauka. Hajiya, turaren wuta da kasko a bar su a gida, ko na lantarki ne, akwai na'urar jin hayaƙi a kowane ɗaki, humra da turaren fesawa sun isa. Tunda ba guga, shadda da yadin da ke yamutsewa ka goge su a gida ka naɗe da kyau, domin wanki da guga a jirgi kan kowace riga ake biya, babbar riga ɗaya za ta ba ka mamaki. Ƙananan kaya ka wanke a ɗaki da ɗan sabulun gari, akwai igiyar shanya a banɗaki.

Kilishi da dambun nama kar ma ka fara, Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da madara daga waje, tun a filin jirgin sama za a raba ka da su. Wasu kamfanonin Amurka kamar Carnival da Royal Caribbean suna barin ka hau da gwangwanin lemo 12 ranar farko, wasu kuma ba sa barin komai, karanta dokar naka.

Ka taho da ƙaramar buta ta roba, darduma mara nauyi, maganin jiri, da duk magungunan da kake sha har da ƙari a jakar hannu. Akwai asibiti a jirgi amma na kuɗi ne, ganin likita kaɗai kan haura dala 100 kafin a zo ga magani, kuma a akawun ɗinka za a rubuta, daga baya ne kake neman inshora ta biya ka. Don haka ka tabbatar inshorarka ta ambaci tafiyar jirgin ruwa da ɗauke mara lafiya daga jirgi, mai arahar da ake yi don biza kawai ba lallai ta ƙunsa ba.

8. Ranar hawa da katin jirgi

A cikin jirgi ba a karɓar tsabar kuɗi. Za a ba kowa kati, shi ne makullin ɗaki, shi ne shaidar fita da shiga, shi ne kuma abin biya. Za ka haɗa shi da katin banki ko ka ajiye tsabar kuɗi a matsayin jingina. In katin banki ne za su riƙe wani adadi tun farko, suna ƙarawa yayin da kake kashewa, kuma bayan ka sauka sakin kuɗin kan ɗauki kwanaki, da katin cire kuɗi na gama-gari har makonni. Katin naira yana da iyakar abin da zai biya a waje, kar ka dogara da shi, je da katin asusun dala ko ka ajiye tsabar Yuro a teburin karɓar baƙi, wanda ni na fi so don yana taka wa mutum birki. In an tambaye ka ko a canza maka lissafin zuwa kuɗin katinka, ka ce a'a a bar shi a kuɗin jirgi, canjin nasu ya fi na banki tsada.

Hattara: katin yara ma yana saye. Ɗakin wasannin kwamfuta da shagon alawa da askirim na musamman suna shanye kuɗi shiru. Je ka sa a rufe saye a katinsu ko a sa masa iyaka tun kafin jirgi ya tashi.

Ranar farko za ka ga ma'aikata da tire ɗauke da kofuna masu kala suna murmushi, za ka ga masu hoto a bakin ƙofa. Ɗaukar hoton kyauta ne, karɓarsa ne kuɗi. Kofin kuma tambaya biyu, na kuɗi ne, kuma akwai giya a ciki?

9. Abinci da maganar halal

Bayan bufe da babban ɗakin cin abinci akwai gidajen abinci na musamman, na gasasshen nama, na Japanawa, na kifi, waɗannan ana biya kusan dala 30 zuwa 60 ko fiye kan mutum. Sau ɗaya don marmari ba laifi, amma ba dole ba ne. Ko a babban ɗakin ma ka duba takardar abinci, wani lokacin akwai kala ɗaya ko biyu da aka rubuta farashi a gefensu. Kawo abinci ɗaki yawanci akwai kuɗin kawowa, sai dai ɗan karin kumallo mara nauyi a wasu jiragen.

Naman halal ba a ɗauka cewa akwai shi. Ana nema a rubuce ta hannun ejan ko fom ɗin buƙatu na musamman, aƙalla wata ɗaya ko biyu kafin tashi, kuma ba kowane jirgi ke iyawa ba. Ranar farko ka sami shugaban ɗakin cin abinci ka tuna masa. In babu, kifi da ƙwai da kayan lambu da taliya da shinkafa sun ishi mutum, sai dai ka riƙa tambaya domin girkin Italiya da Faransa ana yawan zuba giya a miya da naman alade a inda ba ka zata ba, har cikin wake. Wanda ba ya son wannan binciken kullum ya duba jirgin AROYA na Saudiyya da ya fara aiki daga Jidda a Disambar 2024, ba giya ba gidan caca, abincin halal ne, akwai wurin sallah. A sauran jirage kuwa ɗakinka ne masallacinka, kuma tunda jirgi na juyawa kar ka dogara da alƙiblar jiya, akwai tasha a talabijin ɗin ɗaki mai nuna taswira da inda jirgi ya fuskanta.

10. Sauka a gari

Sauka kyauta ne, yawon da kamfani ya shirya ne na kuɗi, daga wajen Yuro 50 zuwa sama da 150 kan mutum. Iyali mai mutum huɗu a tashoshi biyar, yi lissafin da kanka. Ba kowane gari ke buƙatarsa ba. A Genoa da Messina da Naples jirgi na tsayawa ne kusan a cikin gari, da ƙafa za ka shiga. A Valletta akwai lif da ke hawa da mutane daga bakin ruwa zuwa saman birni a kan kuɗi kaɗan. Marseille kuma tashar na nesa da tsakiyar gari, sai bas ɗin kamfani na kuɗi ko tasi. Daga Naples jirgin ƙasa na gama-gari na kai mutum kangon Pompeii, tsohon birnin da dutse mai aman wuta ya binne, a kusan rabin awa da 'yan mintuna.

Inda nake ba da shawarar a biya kamfani shi ne wurin da ke da nisa. Misali in an rubuta Roma a jadawali, a Civitavecchia jirgi ke tsayawa, kusan kilomita 80 daga birnin. Amfanin yawon kamfani shi ne in motarsu ta makara jirgi zai jira ko su san yadda za su yi da kai. In kai ka fita da kanka ka makara, za a tafi a bar ka, kuɗin bin jirgi zuwa gari na gaba naka ne.

Hattara: lokacin dawowa ba shi ne lokacin tashi ba, yawanci rabin awa ne kafinsa, kuma da agogon jirgi ake aiki ba na wayarka ba. Ɗauki hoton allon da ke bakin ƙofar fita, ka nufi dawowa da saura awa ɗaya.

Wasu wuraren suna da nasu harajin da ake rubutawa a akawun. Girka ta fara karɓa a 2025, Yuro 20 kan mutum a tsibiran Santorini da Mykonos lokacin cunkoso, sauran tashoshinta ƙasa da haka. A ruwan Sifen kuma ana iya ɗora harajin VAT a kan abin da ka saya a cikin jirgi, ko da kana da fakitin abin sha ka ga 'yan kuɗi sun fito kar ka yi mamaki.

11. Daren ƙarshe

Kar ka bari sai wannan daren ka fara duba lissafi, kowace rana ka buɗe manhaja ka gani, kuskure na faruwa, a rubuta maka lemon wani ɗaki ko tawul ɗin wurin ninƙaya da ka mayar amma ba a goge sunanka ba, wanda a wasu jiragen dala 25 ne guda ɗaya. Tausa da gyaran gashi, gwanjon zane-zane, kula da yara bayan ƙarfe goma na dare, duk za su fito a nan in an taɓa su. In ka ga abin da ba ka gane ba je teburin karɓar baƙi da rana tun saura kwana biyu, a daren ƙarshe layin ba ya ƙarewa, kuma in ka sauka gyaran ya koma na imel da jira.

Ga yadda zan yi kasafin mutum biyu a kan tikitin misali na 600: tikiti 1,200, hidima 168, biza 180 ban da kuɗin cibiya, sai inshora, jirgin sama, otal na dare ɗaya da tasi, waɗannan ba makawa. Bayan su ka ware kamar kashi ɗaya cikin uku na kuɗin tikitin don intanet na waya ɗaya, yawo ɗaya ko biyu, abin taɓawa a gari da tsaraba. Wanda ke son baranda da gidan abinci na musamman da yawon kamfani a kowace tasha ya ninka tikitin kawai.

A daren za a ba ku takardar liƙa wa jaka mai kala, ku ajiye manyan jakunkuna a bakin ƙofa kafin lokacin da aka faɗa, da safe a tasha za ku same su. Cire kayan da za ku sa gobe, fasfo, magani da cajar waya kafin ku fitar da jakar, kuma katin jirgi ya kwana a hannunku don da shi ake fita. In tsabar kuɗi ka ajiye jingina, je ka karɓi canjinka da risit a daren, ofishin da safe cike yake.